Haƙorin Mai Tayal

Kafin ku fara jifana da maganganu a ƙarƙashin rubutun nan, bari in faɗa da bakina: ina son sa. Ga shi nan na rubuta, masu ɗaukar hoto su tura wa ƙawaye su ɗauka. Son ne ya sa abin da ya faru yau ya yi min ciwo. Ba don shi ba, da dariya kawai zan sha in wuce, don wallahi akwai abin dariya a ciki.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: ni likitar haƙori ce, ƙarama, irin wadda mara lafiya ke ƙare wa kallo sannan ya ce, "To ina likitan?" Da safe ina asibiti, da yamma ina ɗakin bincike saboda karatun digiri na biyu. A gida kuwa ni ce babba, ni ce kuma wadda ba ta yi aure ba, kuma Mama ba ta taɓa bari na manta da ko ɗaya daga cikin biyun nan ba.

Binciken nawa a kan gam ne. Ku daina dariya, gam ɗin da muke manna ciko da shi a haƙori nake nufi. Haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a waje, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani sashe mai ɗan laushi da muke kira dentin, cike yake da 'yan mitsi-mitsin ƙofofi da ido ba ya gani. Cikin ƙofofin nan gam ke kutsawa ya riƙe ciko. To akwai mayukan da ake shafawa don su mayar wa haƙori da ƙarfinsa, su rage masa zugi. Suna aiki, amma wasunsu toshe ƙofofin suke yi. Wani lokacin hakan ba ya ɓata komai, wani lokacin ma taimako ne, wani lokacin kuma gam ya zo ya tarar an kulle gida. Ya danganta da irin man, da irin gam ɗin, da ko likita ya san an shafa har ya kankare wurin kafin ya fara. Abin da nake aunawa ke nan, a kan haƙoran da aka cire wa mutane.

Mama ta san da binciken nan ne ranar da firjin ɗakin bincike ya lalace, na kawo haƙoran gida a cikin robar bota. Da safe ta yanka burodi, ta buɗe robar, ta ƙwalla ƙarar da sai da maƙwabciyarmu ta shigo ba mayafi.

"'Yar nan, wace irin masifa ce wannan? 'Ya'yan mutane suna tara kayan ɗaki, ke haƙoran mutane kike tarawa?"

Tun ranar, akwatin kayan bincikena ya koma saman durowata, na kuma ɗauka Mama ba za ta ƙara kusantarsa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi kuma mutumin, Mai Tayal muke ce masa a gida, don shagon tayal da kayan banɗaki gare shi. Ɗan abokin Baba ne. Ɗan kwalisa ne na ƙin ƙarawa: agogonsa kalar takalminsa, takalminsa kalar kujerun motarsa, turarensa kan riga shi yin sallama. Amma yana da kirki. Yana tuna ranar jarrabawata, yana jirana a bakin asibiti ba ya danna min ham, kuma shi ne namiji na farko da na yi wa bayanin bincikena bai yi hamma ba.

"Ashe aikinmu ɗaya ne, Dakta," ya ce. "Ni ma in bango ya cika santsi tayal ba ya kamawa. Sai an sassare shi tukuna."

A ranar na fara son sa, ba zan ɓoye muku ba.

Matsalar ita ce mahaifiyarsa. Hajiya ta ce ba ta ƙi ni ba, tarbiyyata ta yi mata, tsayina ma ya yi mata, amma ba ta ga dalilin da surukarta za ta wuni tana leƙa bakin ƙattin gari ba. In an yi aure, in ajiye farar riga. Ni kuma na gaya wa Baba a gaban Mama cewa aikin nan ba na ajiyewa ba ne, ko da wa za a haɗa ni. Baba ya gyaɗa kai. Mama ta ce yarinta ce ke damuna, a shekaruna.

Ana cikin wannan ja-in-jar sai haƙorinsa na gaba ya ɓalle ta gefe. Ya gaya wa duniya zamewa ya yi a matakala. Ni ya gaya min gaskiya, kwalbar lemo ya buɗe da haƙori a gaban masu sayayya, don su ga shi ma ya taɓa zama ɗan unguwa. Ɓallin ya kai har dentin. Ya koma magana da hannu a baki, hotunansa duk leɓe a rufe, saƙon muryarsa kuwa kowace kalma da ɗan fito take fitowa.

Shi ya kawo dabarar. Ya rubuto min:

"Ke za ki gyara shi. In Hajiya ta ga aikin hannunki a bakin ɗanta, magana ta ƙare."

Na ce to. Sai dai kalar cikon da ta dace da haƙorinsa ta ƙare mana, sai an jira an kawo. A kwanakin jiran kullum sai ya kira yana kukan ruwan sanyi, wai har cikin ƙwaƙwalwarsa yake jin zugin. Can kuma sai ya daina kukan gaba ɗaya. Na ce a raina, kai, namiji ya tuna shi namiji ne. A kwanakin ne kuma na nemi bututu ɗaya na man ƙarfafa haƙori a akwatina na rasa, na ɗauka a ɗakin bincike na bar shi.

Ranar aikin ya zo da farar riga mai dogon hannu, ya kwanta a kujerata yana riƙe da hannun kujerar gam, duk da ko allura ban ɗauko ba. Sistar da muke aiki tare tana gefe tana jera kaya. Na yi masa tambayar da nake yi wa kowa.

"Tun da haƙorin nan ya karye, ka shafa masa wani abu? Mai, magani, na kanti ko na gida?"

Ya kalli Sista, ya kalle ni, ya kashe min ido ɗaya.

"Ni? Ban shafa komai ba, ranki ya daɗe."

Jama'a, na ɗauka fitila ce ta haske masa ido. Har gyara ta na yi ina ba shi haƙuri.

Da yake ɓallin ya yi kusa da jijiya, kuma mutumin matsoraci ne, sai na zaɓi gam mai sauƙi, wanda ba ya cin wuri da yawa, ban kuma kankare dentin ɗin sosai ba. Na gina gefen haƙorin a hankali, na haska shuɗiyar fitila ya bushe, na goge shi har ya ɗauki ƙyalli. Da na miƙa masa madubi sai da ya juya kai hagu da dama yana neman inda aka yi aikin. Sista ta ce ko babban likita iyakar abin da zai yi ke nan. Na koma gida ina tafiya a kan iska, shi kuma kafin yamma ya canza hoton wayarsa zuwa wanda haƙora talatin da biyu ke waje.

Yau Hajiya ta zo ganin aiki.

Tun asuba Mama ta tayar da gida. An cire ledar kujerun falo da ba a taɓa cirewa ba, an fito da kofunan da ke zaune cikin kabad tun ina firamare, an goge har ganyen furen roba. Ni kuma aka saka ni cikin doguwar riga ruwan zuma mai duwatsu a wuya, wadda ke cizona a hammata, da mayafin da ke zamewa duk na motsa. Mama ta zagaya ni tana dubawa.

"Ki riƙa murmushi. Kuma don Allah kada ki kawo zancen haƙoran nan na cikin roba."

Hajiya ta shigo da jaka mai girman akwatin tafiya, da zobe a kowane yatsa in ban da babban. Ta zauna a kujerar Baba, Baba ya koma gefe da rimot ɗinsa. Mai Tayal ya zauna a ƙasa kan kafet don nuna ladabi, yana ta baza murmushi ko ba a yi abin dariya ba. Na kawo shayi da kek da 'ya'yan itace, na gaishe ta har ƙasa.

Bayan an gama tambayar lafiyar kowa har da waɗanda suka mutu, Hajiya ta ce wa ɗanta, "Matso nan, buɗe mu gani."

Ya buɗe. Ta sa tabarau, ta karkata kansa wajen taga, ta ƙwanƙwasa haƙorin da farce, yadda na tabbata ta ga ana yi wa tayal a shagon ɗanta.

"A ido dai ya yi," ta ce. "Amma ido ba ya tauna abinci." Ta ɗauki tuffa daga faranti ta miƙa masa. "Ciji."

Na buɗe baki zan ce ba a gwada sabon cikon gaba da irin wannan, Mama ta zungure ni da ƙafa. A raina ma ban ji tsoro ba, don na san aikin da na yi.

Ya ciji tuffar da ƙarfi, irin na mai son burge uwarsa. Ya janye ta daga baki, ya yi mana murmushi.

Giɓin ya dawo. Gefen haƙorin da na gina yana maƙale a jikin tuffar, fari tas, yana ƙyalli.

Mai karanta labarai a talabijin ya ci gaba da zuba abinsa. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba, har fata na yi ƙasa ta tsage in shige da rigar duwatsun da komai.

"To," Hajiya ta ce, tana cire tabarau a hankali. "An ga aiki."

Ta ninke tabarau ɗin, ta ci gaba.

"Wannan fa wanda take so ne aka yi wa haka. Ina ga bayin Allah na waje." Ta juya wajen Mama. "Ni dai da ma na faɗa. Ta zauna a ɗakinta ta huta, shagon yaron nan ya isa ya riƙe gida. Ba kowane hannu ne na aiki ba."

Na jira Mama ta kare ni. Abin da ta ce shi ne, "Ai Hajiya ita ma ba wani damuwa ta yi da aikin ba, rigima ce kawai ta yara."

Na miƙa hannu na karɓi tuffar, na zare cikon da farce, na je bakin taga na juya shi. In gam ya kama da kyau, ko ciko zai karye ba ya fita salin-alin, sai ya tsage ko ya bar wani abu a baya. Wannan kuwa ya fito ɗungurungum, cikinsa sumul. Na sha ganin irinsa a ɗakin bincike, a haƙoran da na shafe da mai da gangan ban kankare ba.

Na dawo na tsaya a gabansa, na yi masa magana da harshen da zai gane.

"Ka ce min in bango ya cika santsi tayal ba ya kamawa. Haƙorin nan an shafe shi da wani abu kafin in sa gam. Da na sani, da na kankare wurin na canza gam, da yanzu yana nan. Ba laifi ba ne, gaskiya kawai nake so. Ka shafa wani abu?"

Na ga lokacin da ya gane. Murmushin ya gudu, ya yi wuƙi-wuƙi da ido. Amma ba ni ya kalla ba, Mama ya kalla. Mama kuwa ta ƙura wa butar shayi ido, tana girgiza kai kaɗan-kaɗan, irin wanda ta ɗauka ba mai gani.

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban shafa komai ba."

Har da rantsuwa, jama'a. Da fiton da komai.

Da a nan aka tsaya, da shi ke nan, na zama likitar da cikonta ke bin tuffa. Allah ya sa Hajiya ba ta iya barin wani ya yi maganar ƙarshe ba.

"Ke yarinya, kada ki ɗora wa ɗana laifinki. Me zai shafa bayan wanda kika aiko masa? Yaron nan bai ƙetare umarninki ba ko sau ɗaya. Safe da yamma yana gaban madubi yana cusa shi a giɓin. Ranar da zai je wurinki ma a mota ya ƙara, ina gani." Ta zuge jaka, ta tona, ta tona, ta fito da wani ɗan farin bututu da aka matse har wuya. "Ga shi nan. Ni ma nakan ɗan laƙata, ƙamshinsa ya yi min."

A jikin bututun akwai farar takardar da na manna, da rubutun hannuna.

"Ni na aiko?" na ce.

Mama ta miƙe. "Bari in dubo ruwan zafi."

"Zauna," Baba ya ce. Ya kashe talabijin, abin da ban taɓa gani ya yi ana tsakiyar labarai ba.

Mama ta zauna a bakin kujera, ta gyara ɗaurin ɗankwalin da bai kwance ba. Da ta fara magana, ba ta yi kama da mai neman gafara ba, faɗa ma take.

"To me na yi? Yaro yana kuka da ruwan sanyi, ke kuma ko saƙo mai daɗi ba ki iya tura wa mutum ba, sai 'ka sha magani'. Na duba akwatinki na ga an rubuta mai ƙarfafa haƙori, na ba shi. Na ce daga gare ki ne, kunya ce ta hana ki ba shi da kanki, kada ya nuna miki ya sani. Laifi ne don uwa ta gyara wa 'yarta hanya?"

Sai a lokacin na gane kashe idon nan na asibiti. Mutumin ya ɗauka wasan masoya muke yi a gaban Sista.

Ku kuna tsammanin Hajiya ta ba ni haƙuri? Ta mayar da bututun cikin jaka, nawa fa, ta zuge, ta miƙe.

"Ko ma dai mene ne, faɗuwa ya yi," ta ce, ta juya wajen Baba. "Muna jiran maganarku, Alhaji."

Ɗanta ya bi bayanta da hannu a baki. A bakin ƙofa ya waiwayo yana neman idona, ni kuma ina tattara kofuna.

Ko rigar ban gama cirewa ba saƙonsa ya shigo.

"Dakta ki yi haƙuri. Ba zan iya kunyata Mama a gaban Hajiya ba."

Wani ya biyo.

"Ke ai tawa ce, na san za ki fahimta."

Na zauna a bakin gado da zif ɗin rigar a rabin baya, na karanta na biyun har haruffan suka fara rawa. Ƙaryar asibiti ban riƙe shi da ita ba, ruɗarsa aka yi. Ta falo ce ta tsaya min a wuya. A lokacin ya riga ya gane komai. Ya san aikina ne a kan faranti, ya san uwarsa jira take in faɗi, shi ne ma ya kawo dabarar gwajin. Kalma ɗaya ta ishe ni, ya ce eh, na shafa. Ba sai ya ambaci Mama ba, ba wanda ya tambaye shi inda ya samo. Amma ya duba falon, ya auna wanda zai fi sauƙin bari a ƙasa, ya ga ni ce, don ni tasa ce.

Mama ta turo ƙofa ba sallama, fuskarta har da annuri.

"Kin ga ɗan halak ko? Ya rantse a kan ƙarya don ya rufa min asiri. Irin wannan ake nema a miji, 'yar nan."

"Da sunana ya rufa miki, Mama."

"Sunanki na nawa? Gobe an manta."

Ta ja min zif ɗin ya sauka, ta ɗauki mayafin ta ninke, ta fita tana cewa in zo Baba na kira. Kuka ya taso min, na haɗiye shi, don ban shirya ba Mama labarin da za ta ce na soyayya ne ba.

Wayar ta sake motsi.

"Iska na shiga wurin, zugin ya dawo. Gobe in zo?"

Mara lafiya mara lafiya ne. Na rubuta masa: "Ka zo ƙarfe tara. Kada ka shafa komai. Wannan karon ba wasa a ciki."

Na tarar da Baba a falo shi kaɗai, talabijin a kashe, tuffar tana nan kan faranti inda aka cije ta ya fara yin ja. Ya nuna min kujerar kusa da shi. Mama ta tsaya a ƙofar kicin tana goge kofin da ya riga ya bushe.

"Uwata," ya ce, "kin ji mutanen nan suna jiran magana. Me zan ce musu?"

"Ka ce musu zan gyara haƙorin, Baba."

"Sai kuma me?"

"Haƙorin kawai."

Baba ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar ranar da na ce ba zan ajiye aiki ba. Daga ƙofar kicin na ji an dire kofi da ƙarfi.

Wayar ta haska a cinyata. Amsarsa ce: "Na gode amaryata, na san ba za ki iya fushi da ni ba." Har da hoton zuciya guda biyu.

Na kife wayar. Gobe zai kwanta a kujerata, bakinsa a buɗe, auduga cike da kumatunsa, ba halin rantsuwa. Zan kankare wurin da kyau, in sa gam ɗin da ya dace, in gina masa haƙorin da ko ƙarfe ya ciza ba zai bar shi ba. Ina cikin aikin zan gaya masa babu maganar aure.